Kafin ku cike JAMB don karatun haɗa ƙafar roba

Ɗalibanmu na Gombe masu sha'awar koyon haɗa gaɓoɓin roba da takalman gyaran ƙafa, ku fara kwana uku kuna kallon aikin a ɗakin da ake yin sa, kafin ku biya kuɗin fom.

Dalili kuwa shi ne, wannan karatu na asibiti ne, amma rabinsa aikin hannu ne. Na kai ƙanena Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, ya ga yadda ake naɗa filasta a dungun ƙafar majiyyaci domin a ɗauki siffarsa, sannan a gasa roba har ta yi laushi, a lulluɓa ta a kan siffar da aka ɗauka, a yi ta gogewa ƙura na tashi. Majiyyacin ya taka sau biyu ya ce tana matsa masa, aka koma gyara ba tare da ƙosawa ba. A nan yaron ya tabbatar zai iya.

Wanda ya gane tun yanzu cewa aikin bai dace da shi ba ya tsira da kuɗin canjin kwas da na motar zuwa Owerri, inda Jami'ar Fasaha ta Tarayya ke koyar da fannin.

Sai dai dabarar ba ta aiki idan kuka je kai tsaye, domin ba a barin baƙo ya tsaya kan majiyyaci. Ku nemi takarda daga shugaban makarantarku, ku jira izini.