"Throw in the towel": yadda za ka gane ta ka kuma faɗe ta ba tare da an yi maka dariya ba

Ran lahadi da dare muna zaune a fada, shayi na biyu na kan gawayi, sai ƙanena da ke shirin bak, jarabawar ƙarshen sakandare, ya miƙo min waya ya ce yaya dan Allah duba min wannan. Mushensu na Ingilishi ne ya ba su wani rubutu kan wata mata da ta buɗe shagon ɗinki kasuwa ta ƙi, can ƙarshe aka ce "she refused to throw in the towel". Shi kuma gogan naka ya fassara abinsa wai ta ƙi jefar da tawul, yana ta tambaya me ya kai tawul shagon tela, wanka ake yi a ciki ko me. Na yi dariya amma ban yi da yawa ba, don ni ma wannan maganar ta taɓa kunyata ni, zan zo kan wannan. Ni ba malami ba ne, gyaran waya nake a kasuwar Dole, Ingilishina na zirga-zirgar Kano ne wajen sayo kayan gyara da kallon dambe a YouTube, to ga yadda na bi na gane ta.

Abu na farko ka cire tawul ɗin daga kanka tukuna. Ma'anarta kawai mutum ya saduda, ya sallama, ya ce na haƙura ba zan iya ci gaba ba, bayan ya ɗan fafata. Wanda ya yi lakol a nan Nijar ma ya riga ya san ta bai sani ba, ita ce "jeter l'éponge" da muka saba ji a gidan rediyon RFI in ɗan takara ya janye ko koci ya ajiye aiki. Magana ɗaya ce, Faransawa daga Ingilishi suka aro ta, sai dai su sun tsaya a kan soso, masu Ingilishi kuma suka koma tawul. Da na faɗa wa yaron haka sai ya ce au, ashe wannan ce. Shi ke nan rabin aiki ya ƙare.

Sauran rabin shi ne sanin inda ta fito, don in ka ga hoton a idonka ba za ka ƙara mantawa ba. Daga damben Turawa ne. A Ingila ta da, da hannu tsirara ake dambe ba safar hannu, kuma a dokokin 1838 turmi ba ya ƙarewa sai wani ya kai ƙasa, sai a ba shi daƙiƙa 30 ya farfaɗo ya dawo tsakiyar fili, haka za a yi ta yi turmi bayan turmi ba adadi. Kowane ɗan dambe yana da mutanensa a kusurwa riƙe da ruwa da soso suna goge masa jini da zufa. To in suka ga nasu ya jigata ba sauran moriya, sai su cilla soson sama, kowa ya gane an sallama. Shi ya sa tsohuwar maganar ita ce "throw up the sponge", tun wajen 1860 tana cikin rubuce-rubuce. Daga baya dokokin Queensberry na 1867 suka kawo safar hannu da turmi na minti 3 da hutun minti 1 da ƙirga goma, tawul ya zama shi ne kullum a kafaɗar mai horarwa, kuma farin tawul in ya faɗo tsakiyar fili ba wanda zai ce bai gani ba. Wajen 1913 an riga ana ganin ta tawul ɗin a jaridun Amurka.

Nan ne wajen da ya fi burge ni, kuma mutane da yawa ba su lura ba. Ba ɗan damben ne ke jefa tawul ba fa. Hannunsa na cikin safa, idonsa ya kumbura, zuciya na ɗibarsa, shi in ka bar shi sai an ɗauke shi ranga-ranga. Mutumin kusurwa ne ke jefawa don ya cece shi. Duk wanda ya kalli karawa ta biyu tsakanin Tyson Fury da Deontay Wilder a Las Vegas ran 22 ga Fabrairun 2020 ya ga abin da idonsa, Wilder ya sha ƙasa sau biyu, jini na zuba ta kunnensa, a turmi na 7 Fury ya matse shi a kusurwa yana ta kirɓa, sai Mark Breland cikin masu horar da shi ya wurgo tawul. Wilder bai gode ba, haushi ma ya ji, daga baya ya raba gari da Breland. Ni dai a ganina mutumin nan ya kyauta masa, amma a fadarmu har yau akwai wanda in an tayar da zancen sai ya ce cin amana ce.

Kuma tawul ɗin roƙo ne, hukunci na hannun alƙalin wasa. A Yunin 2010 a New York, Miguel Cotto da Yuri Foreman, gwiwar Foreman ta samu matsala yana ɗingishi, aka jefo tawul a turmi na 8, alƙali ya ɗauka ya cillar waje ya ce a ci gaba, sai a na 9 aka tsayar. Mu da muka tashi da kokowa abin yana mana baƙo, a filin Langa-Langa wa zai jefa maka tsumma, kaye ne ke raba gardama.

To yanzu yadda ake faɗarta. Kalmar farko kaɗai ke canzawa, sauran ka bar su yadda suke kamar an yi musu walda. Yau ko kullum "throw", jiya "threw", in da have ko has a gaba "thrown". Misali "he threw in the towel after two months", wato ya sallama bayan wata biyu. Kar ka ce my towel ko his towel, "the towel" ne ko na waye. Kar ka ce throw away, wannan ka zubar da tawul a bola ke nan da gaske. Sannan babbar, kar ka kuskura ka haɗa tsohuwar da sabuwar. Ni na yi. Wata rana a Kano ina ciniki da wani ɗan kudu mai sayar da sikirin na waya, mun ja mun ja ya ƙi ragi, ina so in nuna masa nima na iya, na ce to oga "I throw up the towel". Mutumin nan ya riƙe ciki yana dariya har yaron shagonsa ya leƙo, ashe "throw up" a Ingilishin yau amai ne, wato na ce masa na amayar da tawul. Bai rage min ko sisi ba kuma har yau in na shiga shagon sai ya tambaye ni ya cikin.

Furuci kuma, th ɗin nan ka sa bakin harshe tsakanin haƙora ka hura iska, in ta ƙi ka ce "tro" za a gane ka, kar dai ka ce "tru" kana nufin yanzu, don wannan ta jiya ce.

Wani abu da nake so a kiyaye, ita kanta maganar ba ta nufin saurin karaya. Mutum zai iya shekara goma yana fama sannan ya jefa tawul, ba wanda zai kira shi rago. In kana so ka ce wane ya cika saurin sarewa sai ka ƙara mata wutsiya, "too soon" ko "too early" ko "so easily". Kamar abokina da ya sayi babur bashi zai yi kabu-kabu, sati uku ya ce rana ta yi zafi ya maido wa mai shi makulli, wannan kam "he threw in the towel too soon". In kuma ƙarfafa wa mutum gwiwa za ka yi, "don't throw in the towel yet", kar ka sare tukuna. A haka aka fi jin ta ma, da don't ko refuse ko not ready a gabanta.

Inda ba ta shiga: abin da ba a sha wahalarsa ba. Ka fasa zuwa Mirriya don hadari ya haɗo, ba tawul a nan, fasawa ce kawai. Haka wanda bai fara ba, sai an shiga fili ake jefawa. Kuma kar ka fassara ta da yar da ƙwallon mangwaro a huta da ƙuda, na ji wani ya yi haka, sun yi kama amma mai yar da ƙwallon mangwaro rabuwa ya yi da fitina yana murna, mai tawul kuwa so yake ya ci, ƙarfi ne ya ƙare. Miƙa wuya ko saduda sun fi kusa. A takardar neman aiki ko wasiƙar ofis ka bar ta, ka sa "withdraw" ko "resign", ita ta hira ce da jarida da labarin ƙwallo da siyasa.

Don ta zauna, ka ƙirƙiri jimla uku daga rayuwarka, ɗaya ta jiya, ɗaya da don't, ɗaya da too soon, ka faɗe su da ƙarfi ko ka tura wa wani a WhatsApp da murya. Haka na sa ƙanena ya yi kafin a sauke shayi na uku. Biyu sun fita daidai, ta ukun ya rubuta cewa famfon gidanmu "has thrown in the towel" tun watan Maris, na ce masa famfo ba ya dambe amma a Damagaram na yarda, ya bar ta haka ya kai wa mushe.