Tsohuwar jarka da tsohon zane: kurakuran da ke mayar da tattali asara

A Maradi ba a koya wa kowa moriyar tsohon kaya. Gwangwanin tumatir ya zama ma'auni, tsohuwar taya ta koma takalmi, zanen da ya koɗe ya zama majanyi, daga nan ya gangara ya zama tsumma. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a wannan tsadar duk dalar da ta tsira a hannu ta yi rana. Abin da ke damuna shi ne wasu dabarun suna cinye fiye da abin da aka tsimi, kuma yawancinsu daga wuri guda suke ɓaci: ba a tambayar me abin ya fara ɗauka kafin ya zo hannunmu.

Jarka ce kan gaba. Rawayar jarkar man girki mai lita 25 dukiya ce, ta yi ɗibar ruwa, ta yi ajiyar hatsi. Amma a kasuwa sai ka ga an jera ta tare da wadda ta ɗauki man juye ko maganin feshin gona, duk an ɗauraye suna ƙyalli. Roba tana shan abin da aka zuba mata. Ko ka wanke da sabulu har hannunka ya gaji, gubar tana cikin jikin robar, tana sauka a hankali cikin ruwan da yara za su sha, balle idan jarkar ta yini a rana. Jarkar maganin ƙwari ba ta da gyara. A ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi ya koma gona, sannan a huda gindinta da wuƙa don kada wani ya tsinta ya kai ɗaki. Wajen saye kuwa, buɗe murfin ka shinshina, ka duba ragowar takardar da ke jikinta. In mai sayarwa ya ce, "Hajiya, wallahi ban san abin da ta ɗauko ba," ya faɗi gaskiya, sai a bar masa kayansa. Ta man girki a wanke ta da ruwan zafi da toka da ɗan yashi, a girgiza sosai, a kife ta a rana har ta bushe ƙarau.

Ajiyar wake a jarka dabara ce mai kyau da mutane da yawa ke ɓatawa da hannunsu. Sirrin duka iska ne: in ba ta shiga, ƙwarin da ke cikin waken sukan shanye ɗan abin da ya rage su mutu, ba tare da an sa ko ƙwayar magani ba. Haka buhun PICS mai leda biyu a ciki yake aiki. Kuskuren shi ne a zuba rabin jarka, ko a zuba waken da bai gama bushewa ba, ko uwargida ta riƙa buɗewa kowace Juma'a tana ɗibar na ƙosai. Kafin a zuba, a rufe jarkar babu komai a ciki, a danna cikinta da gwiwa a saurara. In ka ji huci, ta huje, ta koma ta wanki. A shanya waken har ya riƙa ƙaras a haƙori, a bar shi ya huce a inuwa, a sheƙe, a cika har wuya ana buga gindin jarkar a ƙasa don ya zauna. A shimfiɗa ƴar leda a baki kafin a ɗaure murfin, a bar ta wata biyu ba a taɓa ba. Na ci yau da gobe a ware shi daban tun farko.

Sai kwalabe da gorunan lemo. Mata masu haɗa sabulu kan zuba ruwan soda a gorar ruwan sha, wasu su zuba fetur ko kananzir, a ajiye a bayan ƙofa. Yaro mai shekara biyu bai san komai ba sai siffar gorar da ya saba sha. Soda tana ƙona maƙogwaro, ƙunar da kan hana yaro haɗiyar abinci har ya girma. Duk abin da ba na sha ba, kada ya shiga mazubin abin sha, kuma a rataye shi inda hannun yaro bai kai ba. In tsautsayi ya faru, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, a wuce asibiti da gorar a hannu.

Tsofaffin tukwane da ake kai wa maƙera su narke su zuba sabuwa, wannan tattali ne na gaske. Damuwar ita ce abin da ake haɗawa a narkon. Tarkacen injin mota na iya ɗauke da dalma, kuma abinci mai tsami, irin kunun tsamiya ko miyar yakuwa, ya fi jawo ta daga jikin tukunya. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikin dalma a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu saboda dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Ka kai wa maƙeri tukwanenka da murafanka, ka roƙe shi ya zuba maka daga su kaɗai, kuma kada a bar miya mai tsami ta kwana a ciki.

Hura wuta da leda ko guntun silifa yana da sauri, amma hayaƙin a ƙirjin mai girki da goyonta yake sauka. Ɓawon gyaɗa da karan dawa ba su yanke a wannan yanki ba. Gidan sauro kuma mutane na saurin yanka shi su rufe kaji ko irin tumatir alhali allura da zare kawai yake buƙata. Wanda ya mutu murus shi ya dace da lambu ko labulen taga.

Akwai kuma masu tara kaya da sunan wata rana za su yi amfani. Tayoyi da fasassun bokitai a bayan ɗaki suna tara ruwan damina sauro ya hayayyafa, tarin buhuna da kwalaye ya zama gidan ɓera da kunama. Tayar da za a shuka zogale ko na'a-na'a a ciki a cika ta da ƙasa yau, wadda ba ta da aiki a kai wa masu yanka takalmi. Abin da damina biyu ta wuce ba a nema ba, a kira ƴan gwangwan su auna su biya, a ware alminiyam da jan ƙarfe daban domin sun fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba. Tsohon batirin mota ko na sola a sayar da shi yadda yake, ba a fasa shi a tsakar gida don a ciro abin da ke ciki.