Yadda Za A Kare Zuciya Tun Daga Tukunyar Miya

Kolestarol wani maiƙo ne da hanta ke sarrafawa, kuma jiki yana buƙatarsa, amma idan nau'insa da likitoci ke kira LDL ya yi yawa, sai ya riƙa taruwa a bangon jijiyoyin jini har hanya ta ƙuntata, kamar yadda laka ke toshe magudanar ruwa da damina. Daga nan ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutane miliyan 17.9 a shekarar 2019. Abin da ya fi damuna shi ne, wannan maiƙo ba ya sa ciwo ko zazzaɓi, kuma siririn mutum ma yana iya ɗauke da shi.

Saboda haka a fara da gwajin jini. A Garwa da Marwa, a nan arewacin Kamaru, takardar sakamako tana fitowa ne da Faransanci, kuma galibi ana auna kolestarol da giram a kowace lita. Abin da ake so shi ne jimillarsa kada ta haura giram 2. A auna hawan jini a ranar, domin idan yana kai 140 a kan 90 a kai a kai, ya zama abin nuna wa likita.

Babban aikin yana wurin mai. Man shanu, manja, kitsen rago da fatar kaza suna cike da irin kitsen da ke daskarewa da sanyin hunturu, kuma shi ne ke ɗaga LDL. Uwargida ta koma ga man gyaɗa ko tataccen man auduga da ake samu ko'ina a arewa, ta kuma auna shi da cokali maimakon ta tuttula daga kwalba har ya taso saman miya. Man shanu ya zama ɗan ɗigo don ƙamshi. Man da aka soya ƙosai da shi har ya yi baƙi, a zubar da shi, ko da kuwa zubarwar tana da ciwo a wannan tsadar. Maigida kuma idan ya tsaya wurin mai tsire da yamma, ya ce a yanka masa tsoka zalla, ban da kitse da kayan ciki. Kifin Binuwai da na madatsar Lagdo ya maye gurbin jan nama sau biyu a mako, a dafa shi ko a gasa.

A ganina mun yi sa'a da abincin iyayenmu. Yauƙin kuɓewa da irin abin da ke cikin wake suna riƙe wani ɓangare na maiƙon a hanji, ya fita ba tare da ya koma cikin jini ba. Tuwon gero ko na dawar rani, wato muskuwari, wanda ba a surfe shi fes ba, ya fi farin burodi amfani nesa ba kusa ba. A haɗa da miyar kuka, zogale, ko yakuwa da a nan aka fi sani da folere, sannan mangwaro da gwaiba a lokacinsu, har a kai giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin, domin gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. A rage dunƙule, a ƙara daddawa, citta da tafarnuwa. Shayin da ake sha kofi uku a jere bayan la'asar shi ma a rage masa sukari.

Tafiya da sauri ta minti 150 a mako da barin taba suna ƙarfafa duk wannan. Akwai kuma waɗanda suka gaji yawan kolestarol daga iyaye, waɗanda gyaran abinci kaɗai ba zai wadatar da su ba. Idan likita ya rubuta musu maganin da ake kira statin, su sha shi kullum yadda aka umarta, kada su dakata don sun ji jiki garau, kuma su koma a sake gwajin a lokacin da ya sa musu.