Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa sabar Java da Tuxedo ko CICS

Tuxedo da CICS manhajoji ne masu sarrafa ma'amaloli, wato jerin ayyukan da dole su kammala tare ko a soke su tare. Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne ɗauka cewa in amsa ba ta zo ba, aiki bai yiwu ba. Manhajar da ke kan WebLogic, wato sabar da ke gudanar da manhajojin Java, ta aika wa Tuxedo umarnin cire kuɗi, ta jira, shiru, sai ta sake aikawa. Ashe umarnin farko ya isa, an yi aikin, amsar ce ta maƙale a hanya. Shi ke nan, an cire kuɗi sau biyu.

Galibi wa'adin ɓangarorin ne bai jitu ba. In ba a taɓa saitin ba, WebLogic na ba ma'amala daƙiƙa 30, Tuxedo kuwa yakan jira kira kusan daƙiƙa 60, gwargwadon saitunansa na BLOCKTIME da SCANUNIT. Mai kira ya gaji ya tafi, wanda aka kira yana can yana aiki. A gajarta wa'adin wanda aka kira, a tsawaita na mai kira. Sannan kowane umarni ya tafi da lambarsa ta musamman, ta yadda in ya dawo karo na biyu za a gane shi, a miƙa tsohuwar amsa ba tare da maimaita aikin ba. A ganina wannan lambar ta fi duk wani saiti daraja.

Akwai kuma masu zaton buɗe ma'amala da JTA, tsarin ma'amaloli na Java, ya isa ya rufe duk abin da ya biyo baya. HTTP, ƙa'idar sadarwa ta yanar gizo, ba ya ɗaukar ma'amala ya tsallaka da ita. In ta REST, salon kira da ke bi ta HTTP, aka kira ɗaya ɓangaren, soke aiki a Java ba zai warware abin da aka rubuta can ba. Mai son ɓangarorin su tabbata tare ko su faɗi tare sai ya bi hanyar da ta san XA, ƙa'idar haɗa ɓangarori a ma'amala ɗaya, kamar WTC mai haɗa WebLogic da Tuxedo, ko adaftar JCA ta CICS Transaction Gateway mai haɗa Java da CICS. In hakan ba zai yiwu ba, a rubuta umarnin da zai mayar da abin da aka yi.

Shi ma XA ɗin yana da tarkonsa. Tabbatarwa mataki biyu ce, kuma shawarar ƙarshe a kundin ma'amaloli ake rubuta ta, wato TLOG. Ajiye kundin a faifan da zai tafi tare da injin ganganci ne: saba ta mutu tsakanin matakan biyu, ma'amaloli su rataye, layukan rumbun bayanai su kasance a kulle har sai wani ya warware su da hannu.

Sai batun bayanai. CICS a kan z/OS, tsarin manyan kwamfutocin IBM, da tsarin haruffa na EBCDIC yake magana, kuma wanda ya juya COMMAREA, wato kunshin bayanan da ake miƙa wa shirin CICS, gaba ɗaya kamar rubutu zai lalata dunƙulallun lambobin COMP-3 da ke ciki. Fili-fili ake juyawa, bisa tsarin da shirin COBOL ya shimfiɗa. COMMAREA ɗin ma ba ta wuce kusan kilobait 32. A Tuxedo, duk sanda teburin FML32, mai fayyace filayen saƙo, ya sauya, a sake fitar da azuzuwan Java da manhajar mkfldclass32.

Haɗin da aka aro daga ma'ajiyar layukan haɗi a mayar da shi ko da kuskure ya auku. Katangar tsaro (firewall) kuma takan yanke layin da ya daɗe ba motsi ba tare da ta sanar da kowa ba, shi ya sa kiran farko na safe yake rataye. A kunna saƙon duba lafiyar layi, tazararsa ta gaza wa'adin katangar.