Yadda Ake Shirya Gasar Kacici-Kacici a Unguwa

Gasar kacici-kacici ba ta cin kuɗi. Benci, allo, alli da mutum ɗaya mai murya sun isa. Abin da take buƙata shi ne a zauna a tsara tambayoyi da natsuwa, kuma a nan ne da yawa daga masu shirya ta a Jos suke sakaci: sai ana gobe gasa su kwaso tambayoyi daga waya, washegari a tashi da musu.

Da farko ka nemi wuri. Ajin firamare ko na Islamiyya ya wadatar, ka nemi izinin shugaban makaranta, ka kuma sanar da mai unguwa. A fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba, musamman a Disamba da Janairu da sanyin garin nan ba ya barin zaman dare. Ka raba jama'a rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar, kuma ka cakuɗa manya da yara, don abin da dattijo ya sani na zamanin Shata jikansa bai sani ba, shi ma jikan yana da nasa.

Mataki na biyu shi ne rubuta tambayoyi, kuma shi ne gasar gaba ɗaya. Ƙa'idar ɗaya ce: kowace tambaya ta kasance tana da amsa guda tak. Idan ka ce, "Yaushe Abuja ta zama babban birnin tarayya?" ka buɗe ƙofar gardama, domin wanda ya ce 1976 yana da hujja, a shekarar ce gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar, wanda ya ce 1991 shi ma yana da gaskiya, ranar 12 ga Disamba na shekarar aka bar Legas aka tare a Abuja. Sai ka gyara ta: "A wace shekara fadar gwamnati ta tashi daga Legas zuwa Abuja?" Haka Jami'ar Jos take. A 1971 ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, a 1975 ta tsaya da ƙafarta. Ka faɗi wanne kake nufi. Ka kuma yi hattara da tsofaffin littattafai: suna cewa duniyoyin da ke zagaya rana tara ne, alhali tun 2006 masana suka cire Pluto, suka koma takwas.

A kowane fanni ka fara daga gida kafin ka yi nisa. A tarihi, tambayi shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Filato daga tsohuwar Binuwai-Filato, wato 1976, ko wadda aka kafa gidan tarihi na Jos, 1952, ko su wa suka fara tono sassaƙen yumɓu na Nok a 1928, wato masu haƙar kuza. Daga nan sai jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo na 1804 da haɗe Kudu da Arewa a 1914. A labarin ƙasa, tambayar da na fi so ita ce ta dutse mafi tsawo a Najeriya. Ɗan Jos zai yi wuf ya ce Shere, saboda shi yake gani kullum, amma amsar ita ce Chappal Waddi da ke Taraba, mai tsayin mita 2,419. Irin wannan tambayar ce ake so, wadda amsar kuskure take kusa da baki.

Fannin waƙa ya fi armashi idan kunne ya yi aiki. Ka kunna daƙiƙa goma a lasifika, ka ce a faɗi mawaƙin, ko ka tambayi abin kiɗan: kuntigi na Ɗanmaraya Jos, kalangu na Mamman Shata, ƙwarya ta Barmani Choge. Matasa kuma a tambaye su a wane gari tagwayen P-Square suka tashi, wasu za su ce Legas, alhali a nan Jos ne. Kada ka kuskura ka tambayi wane mawaƙi ya fi wani, wannan ra'ayi ne, ba a ba shi maki.

Kimiyya ma tana iya sauka a madafa. A ma'aunin zafi nawa ruwa ke tafasa? Littafi ya ce digiri 100 a ma'aunin Celsius, amma wannan a gaɓar teku ne. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, nauyin iska ya ragu, don haka ruwanmu yana tafasa a wajen 96. Idan ka yi wannan bayanin a gaban iyaye mata, ba za su manta ba.

Tambayar da za ta taɓa addinin wani ko ƙabilarsa, ka bar ta. Mu mutanen Jos mun san darajar zaman lafiya, gasar nan kuma don haɗa maƙwabta ake yin ta.

Na uku, ka tantance kowace amsa a wuri biyu masu inganci, littafin makaranta ko malamin fannin, ba saƙon da aka turo a WhatsApp ba. A ƙarƙashin amsar ka rubuta layi ɗaya na bayani, wanda za ka karanta bayan an amsa, ko an ci ko an faɗi. Da wannan layin ne mutane ke komawa gida da sabon sani.

Na huɗu, alƙali. A samo malami wanda ba shi da ɗa ko ƙane a cikin masu fafatawa. Kafin a fara ya karanta dokoki a fili: a tara wayoyi a kwando, daƙiƙa 30 ga kowace tambaya, maki biyu ga wanda ya ci, idan ya faɗi a miƙa wa rukuni na gaba a kan maki ɗaya. Makin kuma a allo ake rubuta shi kowa na gani.

Ka tanadi tambayar raba gardama ko da an yi kunnen doki. Ta lamba ce ta fi dacewa, misali tsayin dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mita 5,895. Kowane rukuni ya rubuta a takarda, wanda ya fi kusa shi ya ci. Kyauta kuma ba sai mai tsada ba: taswirar Najeriya, ƙamus ko littattafan rubutu, kuma a tabbata rukunin da ya zo na ƙarshe ma ya samu ko da biro ne, don su dawo a gasa ta gaba.