Kafin ka tura wa mujalla aikinka, duba ta a katalog tukuna

Duk lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe suka fara firojet, ko likitocin da ke neman ƙwarewa suka matsu su buga takarda, teburina a laburare nan Jos ba ya rabuwa da mutane, kuma tambayar ɗaya ce kullum: Malam, wannan mujallar tana PubMed kuwa? To bari in rubuta amsar sau ɗaya, wanda ya zo sai in tura masa ta WhatsApp in huta da maimaici.

PubMed kundin neman maƙalun likitanci ne a intanet, masu kundin kuwa su ne babban laburaren likitanci na Amurka, NLM, da ke Bethesda a jihar Maryland. Tun 1879 suke wannan aikin, lokacin da John Shaw Billings ya fara Index Medicus, littafi ne da ake jera maƙalun likitoci a ciki bisa maudu'i da sunan marubuci, sai 2004 aka daina buga shi a takarda. MEDLINE ya zo a 1971, PubMed kuma 1996.

Ga inda ake ruɗewa. PubMed da MEDLINE ba abu ɗaya ba ne. MEDLINE mujallu ne sama da 5,000 waɗanda kwamitin masana ya zauna ya duba ingancinsu kafin a karɓe su. PubMed kuwa ya haɗa da waɗannan da wasu, har da abin da ke shigowa ta PMC, rumbun ajiye cikakkun maƙalu da aka buɗe a 2000, kuma wani lokaci maƙala ɗaya tak ce daga mujalla take shiga saboda wanda ya ba marubucin kuɗin bincike ya ce dole a ajiye ta can. Sai masu mujallar su rubuta da manyan baƙaƙe wai suna PubMed. Wata Dakta ta taɓa zuwa min ranta a ɓace, ta riga ta biya da dala, ashe irin wannan ce, na ce Dakta ai da kin leƙo kafin ki biya, minti biyar ya ishe mu.

Ka buɗe NLM Catalog a waya ko kwamfuta, kyauta ne. Kar ka dogara da suna kaɗai, don masu cuta sun iya kwaikwayon suna, kalma ɗaya za su canza. Ka nemi ISSN ɗin mujallar, lamba takwas ce da ɗan layi a tsakiya, kuma ta bugun takarda daban ta bugun intanet daban. Ka zuba ta, in shafin ya buɗe ka gangara ƙasa wurin da suke faɗin matsayinta. In ka ga "Currently indexed for MEDLINE" to shi ke nan. In akwai "Not" a gabansa, ba a ce mujallar banza ce ba, amma dai kar wani ya ce maka tana MEDLINE.

A wannan shafin dai za ka ga gajeren sunanta na hukuma, wanda ake so a jerin madogara irin na Vancouver. Nigerian Journal of Clinical Practice misali Niger J Clin Pract ake rubutawa, ba yadda ka ga dama ba. Sannan in mujalla ta canza suna, sabon shafi ake buɗe mata da sabuwar ISSN, a ɗaure shi da tsohon. British Medical Journal ta koma BMJ a 1988, shi ya sa za ka ga kamar mujallu biyu ne alhali ɗaya ce. A kantocin littattafai kuma, laburaren da ke bin tsarin NLM yana sa mujallu a ƙarƙashin lambar W1, littattafan cututtuka masu yaɗuwa a WC, na jini WH, na haihuwa WQ, na yara WS, na magunguna QV. Ka riƙe waɗannan ka daina zagaye kamar mai neman canji a kasuwar Taminus.

Yanzu ɓangaren da na fi so, wato MeSH. Jerin kalmomi ne da aka tsayar tun 1960, yanzu sun kai wajen 30,000, duk shekara ana sabunta su. Dalilinsa mai sauƙi ne, cuta ɗaya kowa da sunan da yake kiranta, to sai aka ce kowace maƙala a liƙa mata suna guda da aka yarda da shi ko da marubucin wani abu ya rubuta. Ciwon daji "Neoplasms" ne a wurinsu, sikila "Anemia, Sickle Cell", yoyon fitsari "Vesicovaginal Fistula". Ka shiga MeSH Database, ka rubuta kalmar da ka sani, shi zai nuna maka tasu. Gwada da zazzaɓin Lassa, tunda mu a nan muna da tarihi da shi, ma'aikaciyar jinyar da aka fara gane cutar a jikinta a 1969 nan Jos aka kawo ta daga garin Lassa. Ka buɗe "Lassa Fever" za ka ga ƙananan akwatuna, na gano cuta, na magani, na yaɗuwa, ka zaɓi wanda ya shafe ka, ka danna maɓallin da zai kai shi wurin bincike a PubMed. Maimakon tarin da ba za ka iya karantawa ba sai ka samu abin da za ka gama kafin a ɗauke wuta.

Kalmomin nan jere suke kamar bishiya. In ka ɗauki "Malaria" da kansa zai kwaso rassan da ke ƙarƙashi, falsifarum da baibas da wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa. In reshe ɗaya kake so ka sauka kansa kai tsaye.

Amma fa kar ka sakankance. A da mutane ne ke karanta maƙala su liƙa kalmomin, tun 2022 manhaja ce ke yi, mutane suna duba wasu kawai, ya fi sauri amma ni dai ina ganin kuskure jefi-jefi. Kuma abin da ba na MEDLINE ba yawanci ba shi da MeSH sam. Don haka ka haɗa biyu, kalmar MeSH da kalmominka na yau da kullum, ka sa OR a tsakaninsu da manyan baƙaƙe, sannan AND Nigeria in na gida kake nema.

Na gidan kuwa da yawansu ba za ka same su can ba. Ka duba AJOL, wato African Journals Online, da African Index Medicus na Hukumar Lafiya ta Duniya, akwai aikin likitocinmu da yawa a ciki. In maƙala ta ce sai ka biya, kar ka taɓa katinka na banki, ka tambayi ma'aikacin laburarenku ko makarantarku tana da rajistar Hinari, shirin da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa mujallun lafiya. In kuma wurina za ka zo, ka taho da ISSN ɗin a rubuce, ba hoton bangon mujallar ba.