Yadda Ake Juya Ƙaramin Moton DC da Arduino

Kusan duk wanda ya fara wasa da Arduino, ɗan allon lantarkin nan da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta, da zarar ya kunna ɗan ƙwan LED ya ga ya kama, sai zuciyarsa ta raya masa cewa moto ma haka ne. Ni ma na yi. Na zare moto daga motar wasan yara, na soka wayarsa a ƙafa ta 9, ɗaya daga cikin ramukan soka waya masu lamba a gefen allon, ya ɗan zabura ya yi tsit. Tun daga ranar ƙafar nan ba ta ƙara jin magana ba.

Ƙafa ɗaya ta Arduino Uno miliamfa 20 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) aka yarje mata, 40 kuma ita ce iyakar da in an wuce sai ta'adi. Shi kuwa ƙaramin moto ɗaruruwa yake sha, in wani abu ya tokare shi ya kasa juyawa yana iya kai amfa guda, wato miliamfa 1,000. Ka ga wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Ga kuma koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin moton: duk sanda aka yanke masa wuta farat ɗaya, sai ya mayar da martani da wuta mai ƙarfi ta baya. Don haka Arduino umarni kawai zai bayar, wani ne zai ɗauki kayan.

Mai ɗaukar kayan a nan shi ne allon L298N, ɗan jan nan mai baƙin ƙarfen sanyaya a tsaye. A cikinsa kowane moto makunnai huɗu aka jera masa kamar harafin H, moto a tsakiya. In na hagu na sama da na dama na ƙasa suka rufe, wuta ta ratsa moto ta wannan gefe. In ɗaya biyun ne, ta ratso ta wancan, moto ya juya baya. Dayod, 'yan sassan da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, masu shanye martanin koyil, su ma an riga an liƙa su a jikin allon.

Ka cire batir tukuna kafin ka taɓa waya. Wayoyin moto biyu su shiga OUT1 da OUT2, ka ɗaure sukuru da kyau, ka ɗan ja ka ji ko sun kama. Jar wayar batir ta shiga ramin da aka rubuta 12V, baƙar ta shiga GND, wato sifilin wuta. Daga wannan GND ɗin ka ja wata waya zuwa GND na Arduino. Kada ka raina wayar nan. In babu ita, allunan biyu ba su yi ittifaki kan inda sifili yake ba, sai ka ga moto ya ƙi tashi ko yana fizge-fizge, kai kuma kana can kana tuhumar kod ɗinka, wato umarnin da ka rubuta wa Arduino. Sannan IN1 zuwa ƙafa ta 8, IN2 zuwa ta 7. A kan ENA akwai 'yar baƙar hula, ka zare ta, ka haɗa ENA da ƙafa ta 9. In ka bar hular, gudu ɗaya moton zai sani, mafi sauri.

Batun batir, L298N yana cinye kusan bolt 2 a hanya. Moto mai bolt 6 sai ka ba shi wajen 8, kamar batiran 18650 guda biyu a jere, kan ɗaya haɗe da gindin ɗaya. Ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 kuwa, suna ne kawai, ba ya da ƙarfin jan moto.

Kod ɗin gajere ne. Ka mayar da 7 da 8 da 9 ƙafafun fitarwa da pinMode. Ka ba 8 HIGH (a kunne), ka ba 7 LOW (a kashe), sai ka rubuta analogWrite(9, 200). Lamba ta biyu, ta gudu, daga 0 take zuwa 255. Ba rage wutar Arduino yake yi ba, kunnawa da kashewa yake yi wajen sau 490 a daƙiƙa ɗaya, abin da ake kira PWM. A 128 rabin lokaci a kunne, rabi a kashe, nauyin moto ya haɗe su wuri guda ya zama gudu matsakaici. Ƙafafu masu alamar ~ kaɗai ke iya wannan: 3, 5, 6, 9, 10, 11.

In ka sa ƙaramar lamba, kamar 50, yawanci za ka ji yana kuka kamar sauro amma bai motsa ba. Ba lalacewa ya yi ba, tashi daga tsaye ne ke da nauyi. Ka fara masa da 200 na ɗan ƙiftawar ido, sannan ka sauko. Juyawa baya kuma musanya HIGH da LOW ne, amma ka fara mayar da gudun 0, ka sa delay(500). Birkice shi yana tsakiyar gudu wahalar da giya ne da allon baki ɗaya.

Idan Arduino na mutuwa yana farfaɗowa duk sanda moto ya tashi, duba ko daga ƙafar 5V ɗinsa ka ciyar da moton, don USB miliamfa 500 kawai yake bayarwa. In ba haka ba ne, ƙurar tartsatsin burushin moto ce, wato 'yan sassan da ke goga wuta a cikinsa. Nemi ƙaramin kafasita, ɗan abin da ke shanye irin wannan ƙura, mai lamba 104, ka liƙa shi da dalma tsakanin ƙafafun moton biyu, daf da jikinsa.